Likkafanin Inna da ruwa ya tafi da shi

Shekarun baya, tun Inna mahaifiyata tana da rai, wani abu ya faru a gidanmu wanda ban taɓa kawo shi nan ba. Kun saba jina a kan maganar miya da rainon yara. To, makon jiya wata baiwar Allah a cikinku ta turo mini bidiyon wata waƙa, ta ce in kalla, wai ta sa ta kuka. Ba ta san ɗana ne ya yi ta ba. Na gode mata, na kife wayar a kan tabarma, na daɗe ban ɗaga ta ba. Shi ya sa na ce bari yau in ba ku labarin.

Mai waƙar ɗana ne na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, don ko a gida ba na faɗa. Haka muka taso, uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta shigar masa faɗa. Da aka yaye shi Inna ta zo Kalgo ta goye shi ta tafi da shi Gwandu, can ya girma a ɗakinta. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. In zan yi maganarsa sai in ce "ɗan Inna", in kuma ya shigo gida sai in tuna akwai abin da na bari a kan wuta, ko da murhun a kashe yake.

Duk abin da ban yi masa ba, Inna ta yi masa har da ƙari. Wasan jika da kaka kuwa ban ga inda ya kai nasu ba. Tun yana rarrafe take kiransa mijinta. Da ya girma, in ya yi sallama sai ka ji ta daga ɗaki:

"Ga mai gidan nan ya dawo hannu rabbana. Wane irin miji na wanga, ko goro babu?"

"Ke tsohuwa, da wane haƙori za ki ci shi? Sakinki za ni yi in auro mai haƙora."

"Sake ni mana. Wa za ta kwashe ka, da ƙahwahu awa na zalɓe?"

Sai ya ciro goron daga aljihu, ya daka mata shi a ɗan turminta, su zauna suna ta caccakar juna har a kira salla.

Inna tana da wata adaka ta katako a ƙarƙashin gadonta. A can ƙasan adakar akwai farin yadi a ninke, da kafur a cikinsa. Likkafaninta ne. Shekarar da suka sauke farali ita da mahaifina ta saye shi a can, ta tsoma shi cikin ruwan zamzam da hannunta, suka shanya shi, ita ta kama baki ɗaya, shi ya kama ɗaya. Da za ta ninke shi, lallen babban yatsanta ya taɓa gefe guda da sauran damshi, ya bar ja kamar an buga hatimi. Mahaifina ya rasu ba da jimawa ba bayan sun dawo. Kowace shekara in damina ta wuce takan fito da yadin ta shanya a inuwa ya sha iska. Ɗan Inna ne mai kama mata ɗaya bakin, tun bai kai tsawon igiyar shanya ba.

"Riƙe da kyau," takan ce masa. "Kayan amarcina na. Ran da za ni gidan gaskiya da shi za a kai ni, in huta da kai."

Da ya zama saurayi ya dawo wurinmu Kalgo, ya kama gyaran waya a wata rumfa kusa da hanyar jami'a. A nan waƙa ta kama shi. Ba shi da ubangida, ba shi da masu kiɗa. A ɗakinsa yake yi, ya jingina katifa a bango ya toshe taga da bargo don kada kukan awaki ya shiga, ya haɗa kiɗan a wata tsohuwar kwamfuta da ya gyara da kansa. Mahaifinsa bai so ba ko kaɗan. Ya ce mu ba gidan roƙo ba ne, kakanninsa da allo aka san su. Yaron ya ce shi ba ya yabon kowa, abin da ya gani yake faɗa. Maganar ta yi zafi har ta kai Gwandu, Inna ta aiko da saƙo guda: "A bar min mijina. Waƙa yay yi, ba sata ba." Mahaifinsa yana jin nauyinta, ya yi shiru. Daga ranar ita ce katangarsa.

Bidiyon kuwa shi da abokinsa suke ɗauka, wani dogon yaro mai shiru-shiru ɗan garin Dangoma. Abokin ne mai riƙe waya. Sukan ɗaure ta a kan gora in suna son a hango daga sama. Babban farantina na silba ya sha yawo a fadama, wai da shi suke maido hasken rana a fuska. In na neme shi zan tankaɗe gari sai a ce ya tafi aiki. Kowace waƙa da mafarinta. Akwai ta tsuntsayen da suka cinye wa wani dattijo shinkafa ana gobe yanka. Akwai ta ɗan kabu-kabun da ya goya matarsa tana naƙuda taya ta fashe a hanya. Akwai wadda aka nuno hannuwan wata mata tana bakace, ba a nuna fuska ba. Hannuwana ne. Ban ce a ɗauka ba, ban kuma ce a bari ba, sai dai ranar na sa zobena.

Ni da boko sai da na girma, ajin yaƙi da jahilci na yi bayan na yaye autata. Amma duk abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin waƙoƙinsa sai na bi shi da yatsa na karanta, in na shige ɗaki na rage murya. In wani ya zage shi in yini ban ci abincin kirki ba. In mun haɗu a tsakar gida kuma in ce, "An dawo?" ya ce, "An dawo, Adda." Shi ke nan hirarmu.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Gulbi ya cika ya haura fadama, mutane suna ta rige-rigen yanke abin da ya nuna kafin ya nutse. Abokin nan nasa ya shiga jirgi da wasu za su haye zuwa gonar mahaifinsa, jirgin ya kife. Masunta suka tsamo na tsamowa, masu rai da waɗanda kwanansu ya ƙare. Shi ba a gan shi ba. Aka bi ruwa har inda ƙarfi ya ƙare, aka dawo. Aka yi zaman makoki ba gawa, ba kabari. Da na je gaisuwa na tarar da mahaifiyarsa a zaune, idonta a bushe, duk wanda ya ce mata ta yi haƙuri sai ta ce, "Na yi. Amma ko ƙyalle ban sa mai ba. Haka yat tahi da rigar gona."

Ɗan Inna yana bakin ƙofa ya ji wannan magana.

Ya daina zuwa rumfa. Tuwon da nake aika masa yakan dawo an ɗan taɓa gefe. Ta bayan bargon nan nakan jiyo shi yana maimaita baiti guda, ya tsaya, ya sake:

"Kowa zai tafi sai an yi mai wanka,
kai naka wankan har yau bai ƙare ba."

Abin da ya biyo baya ban san shi a lokacin ba, daga baya ya fito. Ya je Gwandu ya kwana biyu. Ranar da Inna ta tafi bikin suna garin Malisa ya jawo adakar ya ɗauki yadin. Niyyarsa, in ji shi, ya ɗaura siririyar igiyar masunta a gefe guda, ya shimfiɗa shi a kan ruwa daidai inda jirgin ya kife, a ɗauka a waya, ya jawo abinsa, ya wanke, ya goge, ya mayar. Farin yadi ba wuya yake a kasuwa ba, ya sani. Amma shi so yake abin da ya taɓa zamzam ya taɓa ruwan da abokinsa yake ciki. Wannan tunanin ne ya rufe masa ido.

Ruwan bai gama sauka ba, da sauran ƙarfinsa. Yadin ya jiƙe ya yi nauyi, igiyar ta tsinke. Ya faɗa ruwa zai bi shi, mai jirgin da suka ɗauka ya cafko wuyan rigarsa ya ce ba za a yi biyu ba. Wanda ya riƙe musu waya ranar bai daina ɗauka ba. Yadin ya buɗe a kan ruwa, ya yi ta tafiya yana lanƙwasa, har ya zama ɗan fari can nesa, ya ɓace.

Da ya je ya faɗi gaskiya a ranar, wataƙila da labarin ya zo da sauƙi. Sai tsoro ya kama shi. Ya shiga kasuwa ya sayi yadi mai kama da shi, ya ninke yadda ya saba gani, ya sa kafur, ya koma Gwandu da sunan ya manta cajarsa, ya tura shi ƙasan adaka. Bidiyon kuma ya yanke inda ya faɗa ruwa, ya bar tafiyar yadin, ya ɗora a intanet.

Ba a taɓa kallon wani abu nasa kamar wannan ba. Har daga garuruwan da ban san sunansu ba ake rubuto masa. Ni ma na kalla a ɗaki na sha kukana. An nuno hannuwansa dab da ido yana sakin gefen yadin, ga ɗan ja nan a jiki. Na gan shi sarai, na ce a raina laka ce. Ni da na yi shekaru ina ganin wannan yadi a kan igiya.

Matar ƙanena, wadda suke gida ɗaya da Inna, ita ta kai mata wayar da murnarta, ta ce ta zo ta ga angonta ya yi suna. In ji ta, Inna ta kalla har ƙarshe. Sannan ta ce, "Maido min baya, wurin hannuwan." Aka mayar. Ta ce a sake. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta jawo adaka, ta fito da yadin tsakar gida ta warware shi da rana tsaka, ta bi gefe huɗun da yatsa. Ta sunsuna. Ta ninke, ta ce a kira ni, a kira shi.

Mun iso bayan azahar, mota ɗaya muka shiga amma shi yana gaba ni ina baya. Tana zaune a bakin gado, yadin a cinyarta. Ya yi sallama, ya fara, "Amarya, wai mi ya..." bai ƙarasa ba ya ga abin da ke cinyarta.

Ta kira shi da sunansa na yanka. Tunda aka haife shi ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai da na ɗaga kai na duba ko da wani take.

"Wanga naka na?"

Ya durƙusa. Ya faɗi komai, bai rage ba, har da cajar da ya ce ya manta. Ta bar shi ya gama.

"Da ka roƙe ni," in ji ta.

"Da kin ba ni, Inna?"

"Da ban ba ka ba. Amma da ka roƙa." Ta shafa yadin. "Ɗaukar ba ta yi min ciwo awa musanyar ba. Da Allah ya ɗauki raina cikin watan ga, da an naɗe ni cikin ƙarya, kana tsaye kana kallo, ba ka cewa komi. Ko ba haka ba?"

Ya dubi ƙasa.

"Ni nic ce ma ubanka waƙa kay yi, ba sata ba. Ɗauki kayanka."

Ta miƙa masa yadin da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa baƙo ruwa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi baki ba. Ina rakuɓe a bayan ƙofa ina jan zaren tabarma. Da duka ta yi masa da na fi samun sauƙi.

Daga ranar wasa ya mutu. Kowace Juma'a yakan hau mota ya je Gwandu da goronsa. In ta ji sallamarsa sai ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta sa a shimfiɗa masa tabarma a waje, ta fito su gaisa.

"Sannu da zuwa, malam. An zo lahiya? Ina mutanen Kalgo?"

"Lahiya lau, Inna. Ga goro."

"An gode. Allah shi yi albarka."

Sai ta ba matar ƙanena goron ta ce a raba wa maƙwabta. Ɗan turmin nan ya yi ƙura a lungu. Wata rana ya gwada, ya ce, "Tsohuwa, har yau ba a huce ba? To ni na yi sabuwar budurwa." Ta ce, "Madalla. Allah shi sa alheri." Ya zauna kaɗan ya tashi.

Ya so ya cire bidiyon. Ta aika masa ta bakin ƙanena cewa ya bar shi, cirewa ba ta maido da abin da ruwa ya ci. Ƙanena ya ce zai ba wani mai tafiya aikin hajji sautu a tsomo mata wani. Ta ce a'a. "Ba ruwan kaɗai ba na. Ubanku yar riƙe min baki guda. Wa za shi riƙe wanga?" Mahaifinsa kuwa abin da ya ce kawai, dama ya faɗa, ya ci gaba da alwalarsa.

Ni ce a tsakiya, kuma ba ni da baki. A wurinmu uwa ta je tana roƙa wa ɗan fari gafara, abin a yi ta faɗi ne. Inna da kanta ta koya mini wannan kunyar. Sai nake bi ta gefe. Ran nan ina taje mata kai na ce, "Inna, ɗan nan naki ya rame."

"Wane ɗa? Ɗiyan da nih haihwa duk na san inda suke."

"Wancan dai."

"Au, yau kuma kin san da shi?"

Na ci gaba da kitso. Ban sake ba.

Bayan sallar layya mahaifiyar yaron da ya nutse ta zo Gwandu da ƙafarta, ba wanda ya aike ta. Labarin yadin ya kai mata. Ina nan ranar. Ta zo da ɗan ƙullin shinkafa, ta zauna a ƙasa ta kama ƙafar Inna. Ta ce ta sani malamai sun gaya mata wanda ruwa ya ci ya yi shahada, ba ya bukatar komai, ta kuma yarda. Amma ita uwa ce. Ta ce tunda ta ga farin nan yana bin ruwa, aka kuma ce mata daga ina ya fito, ta fara runtsawa. Ta ce kullum sai ta sa an kunna mata.

Inna ta ɗago ta, ta rungume ta, suka yi kuka tare. Ta ce, "Na bar mai. Allah shi kai haske inda yake." Ta sa aka dama mata fura, ta raka ta har zaure. Zuciyata ta yi sanyi, na ce yau an gama. Da ta dawo ta zauna na ce a hankali, "To Inna, tunda an bar wa mamaci..."

"Yadin nib bari," ta ce. "Yadi daban, amana daban."

Haka aka ci wata damina. Ɗan Inna ya koma rumfarsa, amma bargon tagar ya sauko, ban ƙara jin kiɗa a ɗakin ba. Yadin kasuwar yana saman katifarsa a cikin leda, in na shiga shara nakan gan shi.

Da sanyi ya shigo ciwon ƙirji ya kwantar da Inna. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita, na tattara na koma Gwandu jinya. Kullum tana raguwa. Ranar Juma'a ɗan Inna ya zo, ta ce a jawo mata mayafi, hannunta bai iya ba. Ni na rufa mata. Ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa da "malam" ɗinta, ya koma. Ba wanda ya yi zancen abin da za a sa ta a ciki, amma kowa yana tunaninsa. Adakar tana nan ƙarƙashin gadon da take kwance.

Wata safiya da hantsi ina ba ta kunu. Matar ƙanena ta tafi kai niƙa, maza sun fita, daga ni sai ita. Ta sha cokali kaɗan ta kau da kai. Ta daɗe tana kallon ɗan turmin goron nan a lungu. Sai na ga gefen bakinta ya motsa, irin motsin da na daɗe ban gani ba. Ta ce:

"Ki ce ma ɓarawon mijin nan nawa shi taho da yadinai. Miji ka yi ma mata sutura, ko da matsiyaci na."

Na ce, "Inna, mi kic ce?" Don in tabbata.

"Kin jiya. Kurma kika zama?"

Ta lumshe ido, barci ya ɗauke ta. Na ce bari ta huta, in ta farka ga shi ya iso ta faɗa masa da bakinta. Na fita tsakar gida da wayata. Lambarsa tana ciki tun ranar da aka saya mini ita, ban taɓa danna ta ba. Na danna. Ya ɗauka ya ce, "Adda?" kamar mai tambayar ko kuskure ne. Maganar tana bakina yadda ta faɗe ta, amma ta yaya zan buɗe baki in ce wa ɗan fari "mijina", ko da saƙo ne? Na ce, "Inna ta ce ka taho da yadin nan." Ya ce, "Ta cika?" Na ce, "A'a. Ka dai taho."

Ya iso kafin la'asar, ledar a hammatarsa. Tana numfashi, amma ba ta farka ba tun barcin nan. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya shiga ya durƙusa ya kama hannunta.

"Amarya, ga ni. Na zo da goro ma. Tashi ki zage ni."

Ya yi ta yi mata magana, ya ce ya fasa sakin, ya ce budurwar ƙarya ce. Ina tsaye da kofin kunun da ya huce. Ba ta buɗe ido ba. Ana kiran la'asar ta cika, hannunta a cikin nasa.

A cikin yadinsa aka naɗe ta. Ni na ce a yi haka, na ce wasiyyarta ce, ba wanda ya musa. Mu muka yanka shi muka ɗinka, ni da matar ƙanena da wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Yadi ne mai kyau, ban ga aibinsa ba. Ashe yaron bai sayi na banza ba.

Bayan an share makoki, baƙi sun watse, ina ɗakinta ina kwashe kaya da rana, ya shigo ya zauna a bakin ƙofa. Ba mu taɓa zama ɗaki ɗaya mu biyu ba. Ya ce, "Adda, mi tac ce? Yadda tac ce shi."

Na juya masa baya, na fuskanci adaka, na faɗa masa kalma bayan kalma, har da ɓarawon, har da matsiyacin. Kunyar ta bi ta kaina ta wuce, ban mutu ba.

Sannan ya ce, "Wa ya jiya bayan ke?"

"Ba kowa."

"Ta yi kama da maganarta." Ya murza idonsa da bayan hannu. "Amma ke ma kin san maganarta. Ke uwa ta, Adda. Ko ba ta hwaɗi ba, cewa za ki yi ta hwaɗi."

Ranar ce farkon da ya kira ni uwa, kuma don ya ce shaidata ba ta isa ba. Na rantse masa. Ya ce ya ji, Allah ya ba mu haƙuri, ya tashi ya fita.

An daɗe yanzu. Ya koma waƙarsa bayan wani lokaci, mahaifinsa ma ya gaji ya sa ido. Ya yi aure, ya haifi ɗiya aka mayar da sunan Inna, ni kuma yanzu nake da kishiyar wasa mai kwashe mini kayan kwalliya. Farantina ya ci gaba da yawo. Sai dai duk bidiyon da ya yi tun daga nan, ku duba, ba za ku ga ruwa a ciki ba. Wancan kuwa yana nan, don mahaifiyar abokinsa har yau tana sa a kunna mata. Mutane suna rubutawa a ƙasa cewa dabarar farin yadin nan ta yi kyau, wa ya ba shi ita. Nakan bi da yatsa in karanta in wuce.

Ban zo in ce muku kunyar ɗan fari banza ce ba. Da ita aka raine ni, kuma na ga amfaninta a wurare. Ban kuma ce Inna ta yi tsanani ba. Abin da aka taɓa mata ba ƙarami ba ne, kuma ta sauko, sai dai ta sauko a gaban mutum ɗaya. Abin da na gane kawai shi ne, yafiya in ta zo bakinka kada ka ba da sautunta. Mai kaiwa zai iya kaiwa da gaskiya a ƙi karɓa.

Yanzu muna magana ni da shi, ba da yawa ba, amma muna yi. Kuma duk shekara in damina ta wuce, lokacin da a da ake shanya yadin, sai ya sami wani dalili ya shigo, ya zauna a bakin ƙofata, ya yi zancen gona da tsadar taki. Can sai ya ce, "Adda, mi ma tac ce ranar nan?"

Na san abin da yake yi. Saurare yake ya ji ko wata kalma za ta sauya, don ƙarya ba ta zama wuri ɗaya. Ni kuma sai in ajiye abin da ke hannuna in faɗa masa yadda ta faɗa, ba ragi ba ƙari. Bana da na kai wurin "ko da matsiyaci na", sai na ga ya sunkuyar da kai, ya ɗan yi dariya ta hanci, ya ce, "Tsohuwar nan ba ta da kirki."

Bai ce ya yarda ba. Ni ma ban tambaye shi ba.